Kafin a Wasa Wuƙa: Jinyar Kaza Mai Ɗingishi

A yawancin gidajenmu kaza ba ta da likita sai wuƙa. Da an ga ta fara ɗingishi, ko ta rakuɓe a gindin rumbu ta ƙi fita kiwo, sai ka ji uwar gida ta ƙwala wa yaro kira: "Maza kirawo babanku ya yanka ta, kada ta zama mushe." Ban ga laifinta ba. Duk wanda ya taɓa wayar gari cikin hunturu ya tarar da kajinsa zube a akurki ya san irin asarar da ake gudu. Sai dai ɗingishi suna ya tara. Akwai wanda zare ne kawai ya shaƙe yatsa, reza da minti biyar sun wadatar. Akwai karayar da ke ɗoruwa cikin mako uku. Akwai kuma wanda ba ƙafar ce ke ciwo ba sam, cuta ce ta shigo gida, ko an yanka wannan ɗayar ba a rabu da Bukar ba. Aikin mai kaza na farko shi ne ya gane wanne ne a gabansa.

A kan wata kaza wake-wake ta Gwaggo na fara koyon wannan. Uwa ce ta gari, in ta kwanta a kan ƙwai goma sha biyu da wuya ta bar biyu. Wata rana da hantsi ana surfe, tana tsince-tsince a gindin turmi da 'yan tsakinta tara, sai taɓaryar da aka jingine a bango ta zame ta faɗa mata a ƙwauri. Ƙara ɗaya ta yi, ta ja jiki da fiffike zuwa bayan randa, ƙafar tana reto. Gwaggo ta ce a kawo wuƙa. Na ce, "Gwaggo, ki bari in gwada ɗaure ta mana. In an yanka ta wa zai riƙe 'ya'yan? Shirwa ce za ta kwashe su." Ta dube ni sheƙeƙe ta ce, "Kai ɗan nan, kaza ce fa, ba doki ba. To je ka gwada, amma in ta mutu a hannunka kai za ka biya." Da karan dawa da tsohon ɗankwali na yi ɗorin.

Ido kafin hannu

Kada ka fara da kamu. Bin kaza mai ciwon ƙafa da gudu a tsakar gida yakan mai da ƙaramin rauni babba. Watsa ɗan tsaki, ka koma gefe ka zauna. Ƙafa ɗaya ce ko duka biyun? Tana ɗan taka ta, ko ta ɗage ta gaba ɗaya? Kazar da rauni kawai ta ji takan ci, ta sha, idonta tar, zankonta ja, in ka matso ta nemi hanyar gudu. Wadda cuta ta kama kuwa zugum take yi, ta saki fukafukai, gashinta ya tashi, ta riƙa gyangyaɗi a tsaye. Ka kuma duba sauran. Rauni na kaza ɗaya ne. In biyu ko uku suka gurgunce cikin mako guda, ka daina zargin yaran maƙwabta da jifa.

In ba jini ke zuba ba, ka jira magariba su shiga akurki, sai ka ɗauko ta salin-alin. In kuwa abin ba zai jira ba, a rutsa ta a lungu a lulluɓe ta da zane. Mutum biyu sun fi: ɗaya ya haɗe fukafukanta da jikinta ya rungume ta a gefen ƙirjinsa, ya yafa mata ƙyalle mara nauyi a ka don ta natsu, ɗayan ya duba. Kada a rataye ta ta ƙafafu kai a ƙasa, kada kuma a daɗe da kwantar da ita rigingine, domin numfashi yana yi mata wuya a haka.

Lafiyayyar ƙafar za ka fara shafawa, ita ce ma'auninka. Sannan ka koma ga mai ciwon, daga farce ka yi sama a hankali: yatsu ɗaya bayan ɗaya, tsakankaninsu, tafin ƙafa, ƙwauri, gwiwar nan mai lanƙwasawa ta baya, sai tsokar da ke samanta wadda yara ke rububi a tukunya, har zuwa cinya inda ta haɗu da jiki. Abin da kake nema shi ne kumburi, ɗumin da ya fi na ɗaya ƙafar, rauni a ƙarƙashin gashi, da wurin da in ka taɓa za ta zabura. Ka ɗan mintsini yatsa ka gani ko za ta janye. In ta janye, jijiya na aiki. In ƙafar ta yi laƙwas, babu kumburi, babu zafi, ba ta kuma san ana taɓa ta ba, ka riƙe wannan a zuciya, za mu zo kansa.

Sau da yawa tun a yatsu za ka kama ɓarawon. Zaren buhu, zaren ɗinki, da gashin kanti da ake ƙarin kitso da shi ana zubarwa a shara, su ne manyan masu gurgunta kaji a cikin gari. Kaza tana tono sai su naɗe mata yatsa, kullum suna ƙara nutsewa, har fata ta rufe su. Yatsan ya kumbura ya yi suntum, in an daɗe ya yi baƙi ya guntule. A jiƙa ƙafar a ruwan ɗumi ta yi laushi, a sa bakin allura a ɗago zaren, a yanke da reza ko ƙaramin almakashi, a warware shi zagaye-zagaye. A tabbata babu sili ɗaya da ya rage, domin sili ɗaya ma zai ci gaba da yanka. Haka tsumman da ake ɗaura wa sagara a ƙafa don shaida: kaza tana girma, tsumma ba ya girma. Baƙuwar kaza kuma da aka sayo a kasuwa, ta wuni a ɗaure a bayan babur, ko aka turke ta da igiya don ta saba da gida, takan yi kwana biyu tana ɗingishi. Wannan hutu ne maganinsa, muddin igiyar ba ta ci fata ba.

Yanka, sara da ƙaya

Kwalba, gwangwani, waya, ƙaimin zakara, cizon ɓera cikin dare, duk suna barin rauni a buɗe. In jini na zuba a danna da tsabtataccen ƙyalle na 'yan mintoci ba tare da ana ɗagawa ana leƙawa ba. In farce ne ya fita, a dangwala shi a garin masara ko fulawa, jinin zai tsaya. Daga nan sai wanki. A tafasa ruwa rabin lita, a zuba gishiri ƙaramin cokali 1, a bari ya huce, a riƙa tsiyayawa a kan raunin har ƙasa da kashi su fita tas. Ƙaya a cire ta da matsefata. A shafa aidin, ko shuɗin maganin nan na miki da ake kira jibi. Jibi yana da wani amfani na daban: yana ɓoye jan nama, kaji kuwa in suka ga ja sai sun tsattsage shi, ko da a jikin 'yar'uwarsu ne. Da damina a duba raunin safe da yamma saboda ƙuda, kwana ɗaya ya isa tsutsa ta shiga.

Akwai wani ciwo da ake yawan wucewa ba a gani ba, don a tafin ƙafa yake ɓuya. Kifa ƙafar ka duba. In ka ga tafin ya kumbura ya yi tauri, da wani baƙin ɓawo zagayayye a tsakiya kamar kan ƙusa, to ƙwayar cuta ce ta shiga ta wata 'yar kafa da ƙaya ko tsakuwa ta buɗe. Ya fi kama manyan kaji masu nauyi, da masu dirowa daga kan katanga zuwa siminti, da masu kwana a kan danshin kashi. Abin da ya kamata a sani shi ne mugunyar kaza ba ruwa ba ce irin tamu, daskararriya ce kamar awara, saboda haka matsa ba ta fitar da ita, sai dai ta ƙara wa kazar azaba. A riƙa jiƙa ƙafar a ruwan gishiri mai ɗumi minti 10 zuwa 15 kullum. Bayan 'yan kwanaki ɓawon zai yi laushi, a ɗaga shi a hankali, wani lokaci ya fito tare da curin da ke ƙarƙashinsa. A wanke ramin, a sa aidin, a ɗora auduga, a naɗe da bandeji ana bi ta tsakanin yatsu, a riƙa sauyawa kullum ko bayan kwana biyu har ramin ya cike. In curin ya yi zurfi, ko kumburin ya haura sama da tafin, wannan aikin likitan dabbobi ne. Ni dai ba na goyon bayan mutum ya ɗauki reza ya shiga haƙar naman kaza mai rai da sunan fiɗa.

Targaɗe ko karaya?

A targaɗe za ka ji gaɓa ta ɗan kumbura, tana da ɗumi, amma ƙashi a miƙe yake, kuma kazar takan ɗan dogara ƙafar a ƙasa. Ba ya son ɗauri, ba ya son murza. A killace ta kwana 5 zuwa 10, shi ke nan. A karaya kuwa ƙafar takan yi reto, ko ta karkace inda babu gaɓa, in ka motsa ta a hankali ka ji ƙasusuwa suna gugar juna ƙaras-ƙaras. Sau ɗaya ya isa, kada ka yi ta maimaitawa don ka nuna wa mutanen gida. Bayan kwana biyu ko uku fatar wurin takan yi kore. Kada ka firgita, haka kwanciyar jini take a jikin tsuntsu, ba ruɓewa ba ce.

Inda karayar take shi ke nuna ko za a iya a gida. Ta ƙwauri, wato sashen nan mara gashi tsakanin gwiwa da yatsu, ita ta fi sauƙi, don babu tsokar da za ta janye ƙashin. Ga yadda ake yi. A tanadi 'yan sanduna biyu marasa nauyi, tsawon ƙwaurin ko ƙasa da haka kaɗan, yadda ba za su soki gwiwa a sama ko yatsu a ƙasa ba. Tsagin gora ya yi, sandar askirim ta yi, karan dawa ma ya yi in an tsaga shi biyu aka kankare bakin, domin ɓawonsa yana yanka kamar reza, sai a sa ɓangaren totuwar ta ciki. Mai riƙo ya kama ƙafar daga saman gwiwa. Kai kuma ka kama daga ƙasa ka ja a hankali, ja mai ɗorewa ba fizga ba, har ƙafar ta miƙe. Ka dubi yatsu: su fuskanci gaba daidai da na ɗaya ƙafar. Nan ne mutane suka fi kuskure, su miƙar da ƙashi amma su bar shi a murɗe, kaza ta warke tana tafiya ƙafa na kallon gefe.

Kafin sanda ta taɓa fata a naɗa auduga ko ƙyalle mai laushi zagaye biyu. A ɗora sanda ɗaya ta ciki ɗaya ta waje, a naɗe da bandeji ko tsagin tsumma daga ƙasa zuwa sama, a kama da filasta. Kada a yi amfani da zare, ko roba, ko waya. Ɗaurin ya yi ƙarfin da ƙashi ba zai motsa ba, amma ba wanda zai hana jini gudu ba, kuma a bar yatsu a waje domin su ne za su ba ka labari. Bayan awa ɗaya ka taɓa su, sannan safe da yamma kullum. In suna da ɗumi, girmansu bai sauya ba, lafiya lau. In sun yi sanyi, ko sun kumbura, ko sun fara duhu, kwance nan take ka sake ɗaurawa sako-sako. Ɗaurin da ya matse yana cinye ƙafar da karaya ba ta cinye ba.

Ƙashin tsuntsu ya fi na mutum saurin haɗewa. Ɗan tsako mako 2 ya ishe shi, babbar kaza mako 3, tsohuwa ko mai nauyi a ba ta 4. A tsakanin nan kada a yi ta kwancewa ana dubawa, sai in ɗaurin ya jiƙe ko ya ɓaci da kashi ko ya fara wari. A mai tasowa kuwa a sassauta bayan mako guda, don ƙafar tana ƙara kauri. Ranar kwancewa za ka ji wani ƙulli mai tauri a wurin karayar. Wannan shi ne ɗorin ya kama.

Yatsan da ya karye sai a yanka ɗan kwali daidai faɗin ƙafar, a shimfiɗa yatsun a kai, a manne da filasta kamar takalmi, kwana 10 zuwa mako 2. Karayar da ke saman gwiwa, cikin tsoka, ta fi wuya, gara a kai asibitin dabbobi in akwai shi kusa. Ta cinya can sama ba ta ɗauruwa da sanda ko kaɗan, killacewa kawai ake yi a jira. In kuma ƙashi ya huda fata ya leƙo waje, musamman in ya kwana cikin ƙasa, damar warkewa kaɗan ce.

Ɗakin jinya

Rabin maganin duk abin da na lissafa wuri ne. Babban kwando da za a kifa, ko kwali mai ramukan iska, ko tsohon keji, wanda za ta iya juyawa a ciki amma ba za ta iya gudu ko tsalle ba. Babu sandar hawa. A shimfiɗa ɓuntun shinkafa ko busasshiyar ciyawa mai kauri, a riƙa sauyawa, domin kazar da ba ta tashi a kan kashinta take kwana, ƙirjinta ya saluɓe. Kada a sa ta a kan leda ko siminti mai santsi. A ajiye a inuwa lokacin bazara, a kare ta daga iska lokacin hunturu, da dare kuma a shigar da ita inda muzuru da ɓera da kwarkwasa ba za su kai gare ta ba. In rauni ne ba cuta ba, a bar ta inda za ta riƙa jin 'yan'uwanta, ta fi cin abinci a haka. Amma a raba ta da zakara, hawa ɗaya zai rushe ɗorin mako biyu.

Ruwa da abinci su kasance dab da bakinta. Mazubin ruwan kada ya yi zurfi, a sa dutse a ciki don kada ya kife. Kaza mai ƙwai tana shan wajen rubu'in lita a yini, da zafi fiye da haka, kuma ƙishirwa ta fi yunwa saurin kayar da ita. Kazar gida rabin abincinta a bola da gindin bishiya take samu, ƙwari da tsutsa da ɗanyen ganye. Ranar da ka kife ta da kwando ka yanke mata wannan, don haka gero ko dusa zalla ba za su gina ƙashi ba. A haɗa mata da dafaffen ƙwai, gara in an samu, garin ƙananan busassun kifi, ganyen zogale, ko a sayo mudu ɗaya na abincin kajin gidan gona. A soya ɓawon ƙwai sama-sama a dake shi a barbaɗa. A kuma riƙa fitar da ita ta sha hantsi na ɗan lokaci, hasken rana na taimakon ƙashi. In ta ƙi sha, a tsoma bakinta a cokali ta haɗiya da kanta. Ɗura da ƙarfi takan bi ta hanyar iska ta kashe ta.

Wadda ba ta iya tsayuwa sam, a yi mata shimfiɗar rataye. A ɗaure tsohuwar riga a bakin kwali ta yi ɗan lotsawa, a huda ramuka biyu na ƙafafu da ɗaya a baya na kashi, a zaunar da ita yadda yatsunta za su ɗan taɓa ƙasa. Awa biyu ko uku a lokaci guda, ana lura da ita, sannan a sauke ta ta huta.

In ba rauni ba ne fa?

Wani lokaci ka shafa ƙafa daga farce har cinya ba ka sami komai ba. To sai a faɗaɗa bincike. In ɓawon ƙwaurin ya ɗaɗɗago, ya yi kaushi da fari-fari kamar an yaɓa busasshen kwaɓi, wani ƙwaro ne mitsitsi da ido ba ya gani yake rami a ƙarƙashinsa. A jiƙa a ruwan sabulu mai ɗumi, a goge a hankali da tsohon buroshi, a tsane, a cika da basilin ko man kaɗanya har saman gwiwa, sau biyu a mako, wajen wata guda. Man yana toshe wa ƙwaron numfashi. Kada a ɓamɓare ɓawon, kada kuma a sa kananzir ko baƙin mai, suna ƙona fata. Yana yaɗuwa, saboda haka a duba ƙafafun kowa a akurkin.

Ɗaga fiffike ka duba hammata. In ka ga wasu 'yan ƙwayoyi baƙi-baƙi manne da fata, 'ya'yan kaskar kaji ne. Manyan suna ɓuya a tsagar bangon akurki da rana, su fito da dare su sha jini, kuma suna iya sa kaza shanyewar ƙafafu. Haska tocila cikin dare za ka gan su. Suna iya shekara ba su ci ba, don haka kwashe kaji na wata ɗaya ba ya korar su. Sai an yaɓe tsagogin, an ƙone tsohuwar shimfiɗa, an yi feshi da maganin da malamin dabbobi ya nuna. Fiya-fiya a jikin kaza guba ce.

'Yan tsakin da aka kulle a ɗaki ana ba su dusa kaɗai sukan fara tafiya a kan gwiwa, yatsu a dunƙule. Ƙarancin bitamin B2 ne, in an yi saurin sa musu bitamin na kaji a ruwa da gyara abinci sukan miƙe cikin kwanaki. Kazar da ke zuba ƙwai ba ta samun kalsiyam kuwa, daga ƙashinta take cira, don kowane ɓawon ƙwai yana cin wajen giram 2. Za ka ga ɓawon ya yi laushi kafin ƙafafu su gaza. Su kuma kajin nama na gidan gona, waɗanda ke kai kilo 2 cikin mako 6, in aka ajiye su ana jiran Salla jiki yakan fi ƙarfin ƙafa. Wannan ba shi da ɗori.

Sai waɗanda nake tsoro. Sagara ko ɗan zakara mai wata 2 zuwa 5 ya fara tangaɗi kamar mai maye, babu kumburi, babu zafi, bayan kwanaki ka same shi kwance ƙafa ɗaya ta miƙe gaba ɗaya ta miƙe baya. Wannan alamar cutar Marek ce, sunan wani likitan dabbobi ɗan ƙasar Hangari da ya fara bayyana ta a 1907. Jijiya take kamawa, tana bin ƙurar gashin kaji, ba ta da magani, rigakafinta kuma ranar ƙyanƙyasa ake yi. Ba ta kama mutum. Ta biyu ita ce annobar nan ta hunturu da likitoci ke kira Niyukasil: koren zawo, numfashi da baki a buɗe, wuya ya murɗe, ƙafa da fiffike su shanye, kaji su yi ta faɗuwa ɗaya bayan ɗaya. Ita ma babu magani, amma tana da rigakafi mai arha. Cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta Vom a Jihar Filato, wadda ke aiki tun 1924, tana yin sa, har da nau'in I-2 mai jure zafi da ake ɗigawa a ido duk bayan wata 3 zuwa 4. In kuwa kaji suna mutuwa farat ɗaya, zanko ya yi shuɗi, ƙwauri ya yi ja kamar jini ya kwanta, a tuna da murar tsuntsaye, wadda aka tabbatar da ɓullar nau'inta na H5N1 a Jihar Kaduna a watan Fabrairun 2006, karo na farko a Afirka, ta kuma isa Magarya a Nijar cikin watan. Wannan tana iya kama mutum. Kada a yanka, kada a fige, kada yara su taɓa, a sanar da ofishin dabbobi, a binne matattun da zurfi.

Abin da ya fi ba ni takaici shi ne kafso. Kaza ta yi targaɗe, sai a aiki yaro kemis ya sayo ja-da-rawaya a farke a ruwa. Kafso ba ya ɗora ƙashi, ba ya kashe Marek ko Niyukasil, sai dai ya zauna a ƙwai da nama mu cinye. Magungunan ciwon jiki na mutane kuma sun fi haɗari. Daikulofenak da ake sha don ciwon baya shi ne ya kusa ƙarar da ungulayen Indiya, ta hanyar lalata musu ƙoda, har gwamnatin ƙasar ta hana ba dabbobi shi a 2006. In ana buƙatar maganin zafi ko na ƙwayar cuta, likitan dabbobi ne zai faɗi iri da awo gwargwadon nauyinta, ya kuma faɗi kwanakin da za a jira kafin a ci ƙwai ko nama.

Duk da haka sabo da kaza ba ya hana yanka, kuma wani lokaci yankan ne tausayi. In ƙashi ya fito waje ya fara wari, ko ƙafafu biyu sun mutu an yi kwana goma babu sauyi, ko ta daina ci tana ramewa har ƙashin ƙirji ya fito kamar wuƙa, tsawaita jinya wahalarwa ce kawai. Wadda rauni ne ya same ta, ba a kuma ba ta magani ba, namanta lafiya lau, a yanke wurin raunin a yar. Gara ma a yanke shawara tun ranar farko ko ta biyu, kafin zazzaɓi da rama su ɓata naman. Wadda ake zaton cuta ce kuwa, ba ta tukunya ba ce, ba kuma ta kasuwa ba. Kai ta kasuwa a sayar da arha shi ne yadda annoba ke tsallakawa daga wannan ƙauye zuwa wancan.

In an yi sa'a ta warke, kada a sake ta tsakar gida rana ɗaya. Bayan an kwance ɗori a ƙara mata kwana huɗu ko biyar a ɗan fili ƙarami, ƙafar ta saba da nauyi. Mako uku ya isa sauran kaji su ɗauke ta baƙuwa, saboda haka a mayar da ita akurki da dare suna barci, a watsa tsaki wuri biyu da safe, a tsaya a ga yadda za su karɓe ta. A saukar mata da wurin kwana ƙasa-ƙasa, a kuma share zare da gashin kanti daga inda suke tono.

Ita wake-waken Gwaggo, kwana 22 ta yi a ƙarƙashin kwando. Na tokare bakinsa da rabin bulo, yadda 'yan tsakin za su riƙa fita su tsinci abinsu su koma ƙarƙashin fiffikenta, ita kuwa ba za ta iya fitowa ba. Shirwa ta ɗauki ɗaya, takwas suka girma. Da na kwance, ƙafar ta kama, sai dai ta ɗan karkata waje, don a lokacin ban san a daidaita yatsu ba, kuma har ta tsufa da ƙafar hagu kaɗai take tono. Da ta sake ƙyanƙyasa bayan damina, Gwaggo ta kira ni ta nuna wata 'yar baƙa a cikinsu ta ce, "Ga taka nan, ladan ɗori. Amma fa hatsinta a kanka yake."